Wata Huɗu da Kwana Goma a Turke

Maigidana ya rasu wata Laraba a tsakiyar damina. Ya bar ni da 'ya ɗaya, tana gidan mijinta a Kawo, da tumaki goma sha ɗaya a tsakar gida.

Akawu ne a ofishin gwamnati har ya yi ritaya, amma a Abakpa ba wanda ya san shi da biro. Malam mai tumaki ake ce masa. Ya fi shekara ashirin yana kiwon Balami, fararen nan masu dogon kunne da tanƙwararren hanci. Kuma ba raguna yake tarawa ba kamar sauran mutane, mata yake tarawa. In an haifi namiji, ba ya wuce wata shida a wajensa. In mace ce, sai ya yi shekara guda yana kallonta kafin ya yanke shawarar ko za ta zauna. Ba ya iya wuce tunkiya a hanya bai ɗora mata hannu a baya ba. Akwai ranar da muka je suna gidan ƙanwata, aka neme shi wajen addu'a aka rasa, ashe yana bayan gida ya buɗe bakin tunkiyar maƙwabta yana duba haƙoranta.

Ni ma ina da nawa kiwon, kuma a lokacin gani nake nawa ya fi nasa. Tun ina yarinya a gidanmu na Kinkinau na koyi turka rago wajen mahaifiyata. A ɗaure shi a inuwa wata huɗu ko biyar kafin babbar Sallah. A hana shi yawo. A ba shi dusa da ƙowar wake da harawa, a jiƙa masa ƙanzo, a jefa 'yar kanwa a ruwan shansa. Kafin watan Sallah ya tsaya, sai ka ga rago ya cika ya yi sheƙi, wuyansa ya haɗe da ƙirjinsa. Dillalai da mahauta sun san ƙofar gidanmu saboda ni, ba saboda Malam ba.

Mun raba tsakar gidan biyu. Rumfarsa tana gabas, turkena yana yamma, kusa da ƙofar ɗakina. Daga nan muke jifar juna da magana.

"Malam, nawa dai saye ake yi. Naka kuwa sai kallo."

"Naki ai kwanansa a ƙidaye yake. Ranar Sallah da hantsi an gama da shi."

"To naka fa? Dubi ƙasusuwa, kamar an rataya riga a ƙusa."

Sai ya yi dariya ya ce, "Ki bar mini ƙasusuwana, Hajiya. Ban taɓa miki kitsenki ba."

Kullum in ya dawo daga sallar asuba yakan kwance tumakinsa ya kora su ta gefen layin dogo, har wajen Unguwar Shanu, ba ya dawowa sai rana ta ɗaga. Ni a zatona tsimin dusa yake yi, ko kuma hanyar da ya samu ke nan ta miƙe ƙafa bayan ritaya. Bai taɓa zama ya ce mini ga dalili ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Shekara talatin da biyu muna gida ɗaya. Na san yadda yake son kokonsa, na san tarinsa daga bakin layi, amma ban san abin da hannunsa yake nema a bayan tunkiya ba.

Akwai ƙungiyar masu kiwo da yake ciki. Duk shekara bayan kaka sukan yi gasar dabbobi a wani fili kusa da Rigachikun. A rukunin tumakin haihuwa, ukun da suka zo kan gaba ana kai su wajen wani babban rago da ƙungiyar ta sayo daga Barno, a yi musu barbara. Abin da Malam yake nema ke nan, ba kofi ko takardar yabo ba. Sau biyu yana zuwa na huɗu. Masu manyan gonaki ne suke shan gabansa, shi kuwa gonarsa ita ce rabin tsakar gida da gefen layin dogo.

A shekarar da ya rasu yana da wata tunkiya da ya ɗora wa rai. Ita ce ta shida a jere daga tunkiyar farko da ya saya, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya, kowace shi ya zaɓe ta da hannunsa. Ta yi haihuwa ɗaya, namiji, ta shayar da shi lafiya. Ya rubuta ta a gasar tun da wuri, ya kuma raba ta da rago don ta je fili ba ciki. Yana kwance a asibiti, numfashi yana yi masa wuya, ya tambayi 'yarmu ko an fitar da tumaki. Ta ce an fitar. Ba a fitar ba.

Bayan sadakar arba'in 'yan'uwansa suka zo rabon gado. Ba wanda ya zalunce ni, ba zan ɗora musu abin da ba su yi ba. Sai dai babu mai son kiwo a cikinsu, don haka aka ce a kai tumakin kasuwa. Na ce a bar mini tunkiyar nan guda ɗaya a cikin rabona. Ƙaninsa ya ce, "Hajiya, ki zaɓi abin da zai amfane ki mana. Tunkiya ɗaya me za ta yi miki?" Na ce ita nake so. Da la'asar mota ta zo ta kwashe goma. Ban leƙa ba. Daga ranar, duk abin da Malam ya yi shekara ashirin yana zaɓa ya rage a jikin dabba ɗaya. In ta haihu, irin ya ci gaba. In ba ta haihu ba, ya ƙare.

Kwana uku tana kuka a rumfar da ba kowa, ta ƙi cin komai. A rana ta huɗu na kwanto ta na kawo ta turkena, bakin ƙofar ɗakina.

Mai takaba ba ta fita yawo. Ba ni da wanda zai kora ta layin dogo, kuma ina tsoron in sake ta a unguwa a sace. To ko da akwai mai korar ma, ban ga amfanin abin ba. Na dube ta a ɗaure, ga ƙashin ƙugu ya ɗan fito, ga haƙarƙari ana iya lalubawa. Abin da na gani a jikinta shi ne Malam a gadon asibiti, yadda kafaɗunsa suka fito a cikin riga a makonsa na ƙarshe. Shi na kasa sa shi ya ci abinci. Ita kuwa da na miƙa mata dusa a tafin hannu, ta ci.

Na yi mata abin da na iya. Dusar masara da safe, damamma da ruwan kanwa. Ƙowa da rana. Harawar gyaɗa ba ta yankewa a gabanta. Maƙwabta suna ta aiko mini da abinci, ni kuwa ba na iya haɗiye fiye da loma uku, sai in shanya tuwon in jiƙa mata. In ta yi kuka in tashi in ƙara. In ni ce kukan ya zo wa, in tashi in ƙara. Na ce a raina, Malam ya yi ta zuwa na huɗu saboda yana kai su fili da yunwa. Bana za su ga tunkiyarsa yadda ya kamata a gan ta.

'Yata takan zo ranar Asabar, don malamar makaranta ce. Ta ce, "Umma, kin gyara ta. Da Baba zai gan ta!" Ita ma a ɓangarena na tsakar gidan ta tashi.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya a cikin masu shigowa. Aminin Malam ne, tsohon malamin dabbobi da ke zaune a Rigachikun, kuma shi ne babba a alƙalan gasar. Alhaji muke ce masa. Shekaru masu yawa, duk Juma'a a gidanmu yake cin abincin rana bayan masallaci. Na san ba ya son yaji, na san yana son man shanu a miyar kuka. Ya zo gaisuwa ranar uku, ya zo ranar arba'in. A wata na uku ya sake zuwa da buhun masara. Muka gaisa, ina daga cikin ɗaki, labule a tsakaninmu. Ta gefen labulen na gan shi ya tsaya a kan tunkiyar. Ya daɗe. Ya ɗora hannu a bayanta ya danna, ya matsa gaba ya sake dannawa. Sannan ya sunkuya ya dubi ƙafafunta. Ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Allah ya ƙara haƙuri, Hajiya." Ya fita.

Na ɗauka sha'awa ce ta tsayar da shi. Ran nan har na ci abinci.

Na fita takaba da kwana goma aka yi gasar. Na wanke ta da sabulu, na ɗauraye ta da ruwan shuɗi don farinta ya fito, kamar yadda nake yi wa raguna in za a kai su kasuwa. Sai da mutum uku suka kama kafin aka ɗora ta a a-kori-kura. Direban ya ce, "Mama, wannan ai kuɗin mutum biyu za ta biya." Na ji daɗin maganar.

Filin ya cika. Ga rumfuna, ga lasifika, ga wata da'ira da aka kewaye da igiya a tsakiya. Mata ba su da yawa. Muna sauke ta mutane suka yo kanmu. Wani dillali ya zagaya ta sau biyu yana taɓa cinyarta.

"Hajiya, layin raguna yana can gaba."

'Yata ta ce, "Ai ba rago ba ne."

"Au! To ku yafe ni. Ni da fari ma maraƙi na ɗauka."

Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi. Wani ya ce in dai sayarwa za a yi, shi ne na farko. Sai daga baya na tuna cewa duk masu yabon nan 'yan kallo ne da dillalai. Masu kiwon, abokan Malam, sun zo sun gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, sun yi masa addu'a, kowa ya dubi tunkiyar sau ɗaya ya kawar da kai.

Tumaki goma sha biyu ne a rukuninmu. Ni na riƙe igiyarta da kaina. Alƙalai uku suka shigo, Alhaji a gaba da 'yar sanda, sauran biyun matasa ne a kansa, ɗaya yana riƙe da takarda. Aka ce mu zagaya da'irar sau biyu a hankali.

A nan na fara gani. Sauran tumakin suna tafiya kai a sama, ƙafar baya tana sauka daidai inda ta gaba ta tashi. Tawa tana rangaji. Wata uku ba ta taka ko'ina ba sai inda igiyar turke ta kai, kofatanta sun yi tsawo sun tanƙware kamar tsohon silifa, wuyan ƙafarta ya sauka yana neman taɓa ƙasa. Kafin mu gama zagaye na farko ta fara haki. A na biyu ta tsaya cik, sai da na ja. Wani daga bayan igiya ya ce, "A kawo mata kujera!"

Aka jera mu. Na ga yadda ake duba tunkiya, abin da aka yi shekara ashirin ana yi a gidana ban tsaya na kalla ba. Alhaji yakan fara tsayawa daga nesa ya dube ta ta gefe, ya ga tsawon jiki da miƙewar baya. Ya koma ta gaba ya dubi faɗin ƙirji. Ya koma ta baya ya dubi tazarar ƙafafu. Sannan ya matso ya buɗe baki, ya ƙirga manyan haƙora, ya ga ko sun haɗu daidai da dasashin sama. Ya bi gadon baya da yatsu tun daga kafaɗa har gindin wutsiya. Ya ware hannu a kan ƙugu ya auna faɗinsa, don nan ne hanyar ɗa. Ya durƙusa ya lalubi hantsa, ko akwai ƙullutu, ko kan nonon biyu sun yi daidai. Ya ɗaga kofato. Ba ya gaggawa, ba ya magana, sai dai ya ce kalma ɗaya ko biyu mai takarda ya rubuta.

Da ya zo kan tawa bai dube ni ba. Ya buɗe bakinta, ya gyaɗa kai. Ya shafi hancinta da kunnenta, hannunsa ya ɗan tsaya a wurin. Sannan ya ɗora yatsu a bayanta yana neman ƙashi. Ya danna. Ya ƙara ƙarfi. Na ga yatsunsa sun nutse, ba su tarar da komai ba. Ya durƙusa wajen hantsar ya daɗe fiye da yadda ya daɗe a kan sauran. Ya ɗaga kofato ɗaya, bai ɗaga na biyu ba.

Al'adar ƙungiyar ce alƙali ya ɗauki lasifika ya faɗi dalilin kowane matsayi, daga ta ƙarshe zuwa ta farko, wai don masu kiwo su ƙaru. Da tawa ya fara.

"Ta goma sha biyu," in ji shi. "Jama'a, ku dubi tunkiyar nan da kyau. Kai, da hanci, da tsawon jiki, da faɗin ƙugu, babu kamarta a filin nan yau. Na san uwarta, na san kakarta. Amma an yi mata kiwon layya. Tunkiyar haihuwa, in ka ɗora hannu a bayanta, so ake ka ji ƙashi a ƙarƙashin nama, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka. Wannan na nema ban samu ba. Kitse ya sauka har hantsa, ya tare wurin nono. Ƙafa ta lalace da zama. Irin wannan da wuya ta ɗauki ciki, in ta ɗauka kuma da wuya ta sauke lafiya. Rago ake turkewa. Ba a turke uwa."

Wasu suka yi dariya, ba da yawa ba. Da ma duka filin ne ya yi, da ya fi mini sauƙi a kan shirun abokan Malam. Na tsaya riƙe da igiya har ya gama da sauran goma sha ɗayan, don ba a fita sai an gama. Ban ji ko ɗaya daga abin da ya ce a kansu ba. Na dai ga ta farkon, wata siririya mai ƙwari, wadda da a tsakar gidana take da na ce yunwa ke damunta.

Muna jiran mota a bakin fili Alhaji ya same mu. Ya cire hula ya mayar.

"Hajiya, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Alhaji, ka gan ta a wata na uku."

"Na gan ta."

"Har ka taɓa ta."

"Na taɓa."

"To me ya hana ka magana?"

Ya dubi ƙasa. "Kina cikin takaba. Yaya zan tsaya a ƙofar ɗakin aminina, bai yi wata uku a ƙasa ba, in ce wa matarsa ba ta iya kiwo ba? Wallahi nauyi na ji. Na fita ina cewa zan aiko matata ta faɗa miki, sai na ga ita ma ba ta da bakin faɗa."

"Amma ba ka ji nauyin faɗa a lasifika ba."

'Yata ta taɓa hannuna. "Umma."

"Nan amana aka ba ni," in ji shi. "Shi kansa marigayi da zai tashi, ta goma sha biyu zai ba ta. Ki saurare ni, Hajiya, abin bai ƙare ba. Sai an rage mata abinci. Ki ba ni ita in kai ta gona ta yi wata uku tana bin garke, a gyara kofaton, jikin ya sauka. Sannan in haɗa ta da ragona. Bai kai na ƙungiya ba, amma ba na banza ba ne."

Na ce, "Na gode. Tana da mai ita."

Motar ta zo. Ya sa hannu aka ɗaga ta da shi, ban ce masa sannu ba.

Na sha tunanin wannan tsayuwar tamu. Magana huɗu ya faɗa mini, ɗaya na ɗauka na taho da ita gida: a rage mata abinci. Ban tambaye shi yaushe ba, ban tambaye shi kamar yaya ba. Ba na son in ƙara jin komai daga bakinsa.

Na sa aka yanke mata kofato. Na fara fita da ita bayan asuba ta gefen layin dogo, ni da mayafina da igiya. Ba ma nisa take kwanciya, in tsaya a kanta masu tafiya aiki suna ratse mu. Abincin kuwa na rage yau, gobe ta yi kuka in mayar. Kuma ina sauri. So nake labari ya kai Rigachikun cewa tunkiyar Malam ta haihu ba da taimakon kowa ba. Akwai wani mutum a Unguwar Shanu mai ragon Balami. Mako uku da gasar na kai ta, ba ta ɗauka ba. Na sake kai ta, ta ɗauka.

Da ciki ya fara fitowa sai tsoro ya kama ni. Ga kitse bai sauka ba, ga ciki a kai. Abin da aka faɗa a lasifika ya riƙa dawo mini, cewa da wuya ta sauke lafiya. Da ta shiga wata na huɗu na ɗaure zuciyata. Na ɗauke dusa gaba ɗaya, na ɗauke ƙowa. Busasshiyar harawa ɗan dami kaɗan da ruwa, shi ke nan. In ta fara kuka sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa in kunna rediyo. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba, kuma ina yi ina ganin a karon farko ina yi mata abin da Malam zai yi.

Saura kamar mako biyu ta haihu, na fito da safe na tarar ta jingina goshi da bango tana cizon haƙora. Na kira ta ba ta juyo ba. Na wuce da hannu ta gaban idonta, ba ta ƙifta ba. Kafin azahar ta kwanta.

'Yata ta zo da likitar dabbobi, wata yarinya mai hankali da ba ta wuce sa'arta ba. Ta duba tunkiyar, ta shinshina bakinta, ta tambaye ni me take ci. Na faɗa mata, har da 'yar alfahari.

Ta ce, "Mama, ai a wannan watan ne ta fi buƙatar abinci. Ragewar tun kafin barbara ake yi. Yanzu abin da ke cikin yana ja, ita kuma ba ta samu, sai kitsen jikinta ya narke lokaci ɗaya ya yi wa hanta yawa. Kuma ina jin ba ɗaya ba ne. Wa ya ce ki rage mata?"

Na buɗe baki zan faɗi sunan Alhaji. Sai na tuna wata ukun da ya ce in ba shi. Na rufe bakina.

Ta yi mata allura, ta nuna mana yadda za mu riƙa ɗura mata ruwan sukari. Kwana biyu muna yi. Na dama dusa mai laushi na kai bakinta a tafin hannu, ba ta san ma akwai hannu a wurin ba. A safiya ta uku likitar ta dawo, ta sa abin aunawa a cikinta ta daɗe tana saurare. Ta ce ba ta jin motsi. Ta ce in kira mahauci kafin ta zama mushe.

Wanda ya zo shi ne mai sayen ragunana tun da daɗewa, dattijo mai yawan raha. Bai san labarin ba, ba wanda ya faɗa masa. Ya juya ta ta fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla. Na tsaya, don ban ga dalilin da zan ɓuya a ɗaki ba. Da ya fara fiɗa sai ya ɗago yana murmushi.

"Kai, Hajiya! Hannun nan naki dai Allah ya yi masa albarka. Dubi kitse kamar auduga. Ko ragon da kika ba ni bara bai kai wannan ba."

'Yata ta ce, "Baba, don Allah ka yi aikinka."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ci gaba. Sannan ya buɗe cikin. Ya fito da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ya kwantar a kan buhu. Sun gama haɗuwa, har gashi ya fito. Farare ne, kunnuwansu dogaye, a manne da wuya. Na sunkuya na duba da kaina.

Naman na ce a raba wa maƙwabta. 'Ya'yan kuwa na haƙa rami a ƙarƙashin rumfar gabas na binne su. Ban bar kowa ya taya ni ba.

Bayan la'asar aka yi sallama. Alhaji ne. 'Yata ce ta kira shi a waya tun ranar farko, ba ta faɗa mini ba, shi kuma yana Zariya wajen jinyar ɗan'uwansa, sai ranar ya samu dawowa. Ya shigo da wata 'yar jaka ta magunguna a hannu. Ya ga an wanke tsakar gida, ga fata a shanye a kan igiya. Ya ajiye jakar a ƙasa.

Na shirya masa maganganu da yawa tun daga ranar gasar. Wasu nasa ne da gaske, har yau ban janye su ba: da ya buɗe baki a wata na uku, da ba a kai nan ba. Amma yanzu akwai nawa a ciki, kuma na kasa raba su. Akwai ma na Malam, wanda ya bar ni ina yi wa ƙasusuwansa dariya shekara da shekaru bai ce zo ki taɓa ki ji ba. Shi ba ya nan da zan faɗa masa.

Alhaji ya daɗe a tsaye. Ban shimfiɗa masa tabarma ba.

"Guda nawa ne?" ya ce.

"Biyu."

"Maza ko mata?"

Na ce, "Duka mata."